Karatun daren jarrabawa: me ilimin halayyar ɗan Adam ya ce a kai?

Da zarar jarrabawar bakaloriya ta ƙarato, za ka ga 'yan ajin ƙarshe na lise, daga Birkitari a Yawunde har zuwa Garwa da Ngaundare, sun koma kwana zaune da littafi da kofin shayi. Darasin falsafa na cikin waɗanda aka fi bari sai a ƙurarren lokaci, musamman babin da ya shafi tunani da ɓoyayyen tunani, inda ake haɗuwa da Descartes da Freud. Abin mamaki, shi ilimin halayyar ɗan Adam ɗin da suke ƙoƙarin haddacewa a dare ɗaya ya daɗe da bayyana dalilin da ya sa wannan hanya ba ta kai mutum nesa.

A 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa. Ya riƙa haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, sannan ya auna abin da ya rage masa. Ya gano cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko, kuma bayan kwana ɗaya kusan kashi biyu cikin uku sun zube. Ya kuma lura cewa maimaicin da aka raba cikin kwanaki ya fi wanda aka tara a zama ɗaya. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu: malamin allo ba ya barin almajiri ya ƙara gaba ba tare da tishi ba.

To, idan kwana biyu ko uku kacal suka rage fa? Har yanzu akwai abin yi. A 2006 masu bincike biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun ba ɗalibai rubutu su karanta. Wasu suka yi ta maimaita karatun, wasu kuma suka rufe takardar suka rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaitawa ne a gaba, amma bayan mako guda masu gwada kansu suka wuce su. Saboda haka, ɗalibi, rufe littafin ka tambayi kanka: waɗanne sassa uku Freud ya raba ruhin mutum a kansu a 1923? Me ya sa ra'ayinsa ya ci karo da na Descartes, wanda ya ɗauka mutum na sane da duk abin da ke cikin tunaninsa? Inda ka kakare, nan ne za ka buɗe.

Kada a manta, mai duba takardar falsafa hujja yake nema. Wanda ya zubo sunaye da shekaru ba tare da ya amsa tambayar ba, makinsa ba ya tashi. Ya fi amfani ka ɗauki tambayoyin shekarun baya guda biyu ko uku, ka tsara yadda za ka amsa kowace a rabin shafi: mece ce matsalar, wace hujja ce ke goyon baya, wacce ke adawa.

Sai maganar barci. Tun 1924 Jenkins da Dallenbach suka nuna cewa wanda ya yi barci bayan hadda ya fi riƙe ta kan wanda ya ci gaba da zama a farke. Shayi mai kauri da goro za su buɗe ido, amma ƙwaƙwalwa a gajiye take. Tiramol kuwa, wanda wasu samari ke cewa yana ƙara kuzari, hanyar jaraba ce, a guje shi. Gara a yi bita bayan isha'i, a kwanta, a sake dubawa bayan sallar asuba.

Iyaye ma da nasu aikin. Yawancin 'ya'yanmu da Hausa ko Fulatanci suke tunani, da Faransanci suke rubutu. Ki ce wa 'yarki ta yi miki bayanin darasin da Hausa, ko ba ki taɓa shiga lise ba. In ta iya, to ta gane shi. Kuma a makon nan a ɗauke mata tallar da wanke-wanken dare, a bar yaro ya huta da zaman shago. Allah ya ba su sa'a.