BIN SAWUN MAI KARATU: YADDA GWAMNATIN BIRTANIYA TA GYARA SHELARTA A LOKACIN KORONA

A zamanin da, idan Sarki ya ba da umurni, sankira ne yakan shiga kasuwa ya yi shela. Yana yi yana duban fuskokin jama'a, wanda bai gane ba ya tambaya, a sake masa bayani. Gwamnatin da ta sa sanarwarta a shafin intanet kuwa ba ta ganin fuskar kowa. Abin da ya rage mata shi ne bin sawun masu ziyara, watau ƙididdigar da ke nuna yawan mutanen da suka buɗe kowane shafi, da hanyar da suka biyo, da kalmomin da suka rubuta wajen nema, da kuma inda suka gaji suka fita.

Birtaniya ta shiga annobar korona da shirinta a kan wannan. Tun 2012 ta tattara bayanan ma'aikatunta a gida ɗaya mai suna GOV.UK, a ƙarƙashin wani sashe da aka kafa a 2011 don kula da ayyukan gwamnati ta intanet. A ƙarshen shafukan akwai 'yar tambaya ko shafin ya yi wa mutum amfani, da wurin da zai rubuta kukansa in ya ga kuskure.

Ran 23 ga Maris, a shekarar 2020, Firayim Minista Boris Johnson ya umurci jama'a su zauna a gida. Kashegari aka aika da saƙo ga wayoyin hannu na duk ƙasar, ɗauke da adireshin shafi guda da aka keɓe wa annobar. Daga nan sai ya zama duk sa'ad da ministoci suka gama jawabi ga 'yan jarida, jama'a su yi ca a kan shafin, akasarinsu ta wayar hannu. Wannan kaɗai darasi ne ga marubutan hukuma, gama dogon sharhin da ya dace da takardar ofis ba ya karantuwa a fuskar waya. Dole abin da ake so mutum ya aikata ya zo a layin farko.

Darasi na biyu ya shafi suna. Ran 11 ga Fabrairu 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta raɗa wa cutar suna COVID-19, amma a bakin jama'a korona ce, kuma da wannan sunan aka kira shafin gwamnati. Haka nan ran 20 ga Maris aka ba da sanarwar shirin biyan kashi 80 cikin 100 na albashin ma'aikatan da aka dakatar, har zuwa fam 2,500 a wata. Shirin yana da dogon suna na hukuma, amma kalma ɗaya, furlough, ita ce ta kama bakin mutane, ta kuma shiga kanun bayanan gwamnati. Dalili a fili yake: wanda ya nemi abu da sunan da ya sani bai samu ba, a wurinsa abin babu shi.

Na uku ya zo a watan Oktoba 2020, lokacin da aka kasa Ingila mataki uku, kowane yanki da tsananin dokarsa. Tambayar mai karatu a nan guda ce, wace doka ce ta hau kan unguwarsa. Maimakon a bar shi yana laluben sunan garinsu cikin dogon jeri, sai aka yi wurin da zai rubuta lambar gidan waya ta unguwarsa, a nuna masa abin da ya shafe shi kaɗai.

Sai dai ƙididdiga ba ta faɗin komai sai an iya karanta ta. Shafin da ya tara baƙi da yawa, mai yiwuwa ne yana da amfani, mai yiwuwa ne kuma mutane na ta komowa domin ba su gane ba. Saboda haka ake haɗa alƙaluma da koke-koken da jama'a suka rubuta, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Har wa yau GOV.UK yana neman yardar mai ziyara kafin ya bi sawunsa, wanda ya ƙi kuwa ba ya cikin lissafin. Balle tsohon da bai taɓa buɗe intanet ba, alhali shi cutar ta fi yi wa barna. Irin waɗannan, wasiƙa hukumar lafiya ta aika wa masu rauni daga cikinsu har gida.

A Nijeriya ma, bayan an sami mai cutar na farko a Legas ran 27 ga Fabrairu 2020, Hukumar NCDC ta keɓe wa annobar shafi tana buga alƙaluma kowace rana. Amma manomin da rediyo ce jaridarsa, da matar da Hausa kaɗai take karantawa, sawunsu ba zai fito a ƙididdigar shafin Turanci ba. Jami'in da ya fahimci haka zai duba alƙalumansa don ya gyara rubutu, sa'an nan ya tambayi su waye ba su zo ba, ya kai musu saƙon ta gidan rediyo, da masallaci, da fadar dagaci. Sa hannun Babban Sakatare a kan sanarwa rabin aiki ne, sauran rabin yana ga sanin ko an ji.