Ba a fasa rudu don albasa guda ta ruɓe

Duk ranar da ƙungiyar ƙwallon gari ta sha kashi, washegari tun kafin a gama buɗe rumfuna an riga an yanke wa mai horaswa hukunci. A tashar mota maganar ke nan, wajen mai shayi ita ce, haka nan cikin layin masu atamfa da na masu hatsi. Mu ma a gidan rediyo, da zarar mun buɗe layin tarho, mai kira daga cikin Tawa da mai kira daga Kalfu ko Barmu bakinsu guda ne: a kore shi, a kawo wani.

Wannan magana da ku nake yin ta, iyayenmu mata na kasuwa da ƴan uwa ƴan kasuwa, don kuwa ta shafe ku fiye da yadda kuke zato. In ƙungiya za ta yi tafiya, rumfunanku ake bi da takardar neman gudummawa. Riguna da takalma da kuɗɗin mai, da yawa daga aljihunku suke fita. Yaran da ke gudu cikin fili ɗiyanku ne da ƙannenku. Ranar babban wasa kuma, mai ƙosai da mai gyaɗa da mai ruwan sanyi a bakin ƙofar fili su ma suna samun na cefane. Wanda ya zuba kuɗɗinsa yana da bakin magana, kuma shugabannin ƙungiya sun fi jin tsoron ɓacin ranku bisa ga na kowa. Shi ya sa ya kamata ku san lokacin da ake cewa a kora, da lokacin da ake cewa a dakata.

Yadda anka gina Mena

Ba sai mun je nesa neman misali ba, muna da shi cikin gida. A shekarar 2008, cikin wasannin neman shiga gasar cin kofin duniya ta 2010, Mena ta buga wasa 6 da Benin da Angola da Yuganda. Guda ɗaya tak ta ci, ta sha kashi a sauran 5. A wancan lokaci, in an ce Nijar za ta je gasar cin kofin Afirka, wato CAN, dariya ake yi.

A 2009 anka miƙa ƙungiyar ga ɗan ƙasa, Haruna Dula. Bai zo da wasu manyan ƴan wasa daga Turai ba. Da yawa daga yaransa a ƙungiyoyin gida suke wasa, ya riƙe su wuri guda, suna bugawa tare har kowa ya san ƙafar ɗan uwansa. Sannu a hankali alamu sunka fara fitowa. A 2010 yaran sun fid da Najeriya daga neman shiga gasar CHAN, wadda ake yi tsakanin ƴan wasan da ke bugawa cikin ƙasashensu. A wannan shekarar kuma sun ɗauki kofin ƙasashen UEMOA a Yamai. A farkon 2011 sun je Sudan, sun kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a CHAN ɗin.

To amma ku dubi yadda neman shiga CAN ta 2012 ya kasance. Wasan farko, cikin watan Satumba na 2010, Afirka ta Kudu ta ci Mena 2 da 0. Da an bi ta masu cewa a kora, da a nan labarin ya tsaya. Ba a kore shi ba. Wata guda bayan haka, a filin Janar Seyni Kunce, Musa Ma'azu ya jefa ƙwallo guda a ragar Masar, Masar ɗin da ta ɗauki kofin Afirka sau 3 a jere, a 2006 da 2008 da 2010. Wasan ya tashi 1 da 0. A 2011 Mena ta ci Saliyo 3 da 1 a Yamai, ta je can anka ci ta 1 da 0, ta dawo gida ta ci Afirka ta Kudu 2 da 1, ta je Alƙahira anka zuba mata 3 da 0.

Ku lissafa da kanku, tun da lissafi sana'arku ce. Wasa 3 a waje, duka an faɗi, ko ƙwallo guda ba a ci ba. Wasa 3 a gida, duka an ci. Maki 9 ke nan, daidai da na Afirka ta Kudu da na Saliyo. Da anka duba yadda ƙasashen ukku sunka yi tsakaninsu, Nijar ce kan gaba. Ƴan wasan Afirka ta Kudu har rawa sunka yi cikin filinsu, suna zaton su ne sunka wuce, ashe ba su karanta doka da kyau ba. Haka Nijar ta samu zuwa CAN karo na farko a tarihinta, kuma a watan Disamba na 2011 hukumar ƙwallon Afirka ta zaɓi Haruna Dula gwarzon mai horaswa na shekara.

Sau 3 ke nan cikin tafiya guda ana da dalilin korar mutumin nan, in dai ana kora don an faɗi wasa. Sau 3 anka haƙura, kuma haƙurin ya biya.

Wasa guda ya sauya komai

Abin da ya biyo baya shi ne darasi na biyu. A watan Janairu na 2012 Mena ta buga wasanta na farko a CAN da mai masaukin baƙi Gabon, anka ci ta 2 da 0. Kafin wasa na biyu, ragamar ƙungiya ta koma hannun Bafaranshe Rolland Courbis, wanda tun farko anka ɗauko a matsayin mai ba da shawara. Mutumin da ya yi shekara biyu da ɗoriya yana gini, wanda Afirka ta karrama wata guda kafin nan, ya koma gefe saboda minti 90.

Shin sauyin ya yi magani? Tunisiya ta ci 2 da 1, Maroko ta ci 1 da 0, Mena ta dawo gida ba maki ko ɗaya. Courbis bai cika shekara ba ya tafi. Gaskiya ne an sake zuwa CAN a 2013 ƙarƙashin Bajamushe Gernot Rohr, amma da yawa daga yaran da sunka fid da Gine a hanyar zuwa can, su ne dai waɗanda Dula ya rena. Daga 2013 har zuwa gasar 2025 ta Maroko, Nijar ba ta sake leƙa CAN ba. Ba a ce sauke mutum guda ne kaɗai ya jawo haka ba, akwai maganar kuɗɗi da filaye da renon yara. Abin da ke fili dai shi ne, gini ya ɗauki shekaru, sauyi ya ɗauki kwana ƙalilan, kuma sauyin bai kawo ko maki guda ba.

Ko a Ingila haka ne

Samarin da ke cika gidajen kallo suna fushi da Manchester United, da yawansu ba su san yadda anka gina ta ba. Alex Ferguson ya karɓi ƙungiyar a watan Nuwamba na 1986, a lokacin rabonta da kofin gasar Ingila tun 1967. Ya yi shekara 3 bai ɗauki komai ba. A Satumba na 1989 maƙwabtansu Manchester City sunka zuba musu 5 da 1, magoya baya sunka fara ɗaga ƙyalle cikin fili suna neman ya tafi. Shugabanni sunka ƙi, saboda suna ganin aikin da yake yi wanda ɗan kallo ba ya gani: gyaran tarbiyyar ƴan wasa da neman yara ƙanana. Kofinsa na farko ya zo a 1990, na gasar ƙasa sai 1993. Kafin ya aje aiki a 2013 ya ɗauki kofin gasar Ingila sau 13, na zakarun Turai sau 2. Bayan tafiyarsa, wanda ya gaje shi ko shekara bai cika ba. An yi ta sauya masu horaswa, an zuba kuɗɗi kamar ruwa, amma daga 2013 zuwa 2025 kofin gasar bai koma gidan ba.

In ƙungiya mai irin wannan dukiya sai da ta jira, ina ga tamu?

Nauyin da ke kan mai horaswa a Tawa

Ƙungiyoyin Tawa irin su Ader FC da JS Tawa sun taɓa buga babbar gasar ƙasa, kuma wanda ya bi su ya san da wa suke karawa. Manyan ƙungiyoyin Yamai galibi suna da uwa a gindin murhu: AS FAN ta soja ce, akwai ta jandarma, da ta ƴan sanda, da ta duwan, da ta Nigelec. Suna da albashi, suna da mota, suna iya yi wa yaro alkawarin aiki. Ƙungiyar jiha kuwa sai ta yi tafiyar sama da kilomita 500 kafin ta isa Yamai, yara su sauka da kumburin ƙafa su shiga fili.

Ga kuma matsalar da duk ɗan Adar ya sani. Mai horaswa zai ɗauko yaro daga Kalfu, ya yi wata da watanni yana koya masa tsayuwa da miƙa ƙwallo. Ranar da yaron ya fara haske, ko dai wata ƙungiyar Yamai ta ɗauke shi, ko kuma kaka ta wuce, gida ya ce ya kama hanyar Abijan ko Libiya cirani kamar yayyensa. Ba laifin yaron ba ne, ƙwallo ba ta ciyar da gidansu. Amma shi mai horaswa ya koma farko ke nan. In kuma shi ma anka kore shi tsakiyar shekara, sabon da zai zo da nasa tsari zai zo, ya zubar da rabin yaran, a sake bin rumfunanku da takardar neman kuɗɗin sababbi. Sau da yawa ma sai an biya wanda anka kora haƙƙinsa. Hasarar biyu ke nan, kuma a kanku take faɗawa.

Haƙurin mai albasa

Duk wanda ya taɓa harkar albasa, daga Galmi har Tamaske, ya san wannan. Lokacin girbi kasuwa ta cika, buhu ba ya da daraja. Mai ƙarfin zuciya sai ya zuba tasa cikin rudu ya jira watanni har ta yi tsada. Ya san wata za ta ruɓe, ya san nauyi zai ragu, ya riga ya sa wannan cikin lissafinsa. Ba ya fasa rudu ya kwashe duka zuwa kasuwa don ya ga guda ta lalace. Amma kuma ba ya rufewa ya tafi barci. Yana leƙawa, yana shinshinawa, yana fid da ruɓaɓɓiya. In ya ga ruwa ya shiga ta ko'ina, a nan ne yake saida abin da ya saura.

Haƙuri da mai horaswa irin wannan ne. A yanka masa wa'adi tun ranar ɗauka, a gaban shaidu, kamar yadda kuke yi da wanda kunka ba jari. Shekara biyu ita ce mafi ƙaranci ga mai ginin ƙungiyar da ta faɗi: ta farko ta tsayuwa, ta biyu ta tafiya. Cikin wa'adin nan kuma a dinga leƙa rudu. Ko yara suna zuwa horo kan lokaci? Ko waɗanda sunka fara shekara su ne ke ƙarasa ta, ko kullum sabuwar fuska? Ko ƙungiyar da ake zuba wa 4 bara, bana da ƙyar ake cin ta 1? Ko ana cin wasannin gida, kamar yadda Mena ta maida Yamai wurin da baƙo ba ya fita da dariya? Ko yaran unguwa da na ƙauye suna samun shiga bisa cancanta? In amsoshin nan suna daɗi, to faɗuwar ranar Lahadi albasa guda ce.

Akwai kuma inda haƙuri ba ya da wuri. Mai horaswa da ke karɓar kuɗɗi kafin ya sa yaro cikin wasa, ko mai taɓa haƙƙin ƴan wasa, ko wanda yara sunka daina jin maganarsa baki ɗaya, wannan ruwa ne ya shiga rudu, jira sai ƙarin hasara. Kuma kafin a tuhumi mai horaswa, a tambayi shugabanni ko sun biya shi, ko sun biya yara. Wanda ya yi wata ukku bai ga albashi ba, ba a tambayarsa dalilin da ya sa bai ci Sahel ba.

Saboda haka Hajiya, Alhaji, ranar da anka sake zuwa rumfarku da takarda, kafin ku sa hannu aljihu ku yi tambaya irin ta ƴan kasuwa: wa'adin nawa kunka ba mai horaswa, kuma wane ne zai kawo mana lissafi a ƙarshen shekara? In kuma ƙungiya ta faɗi ranar Lahadi, Litinin yaron rumfa ya zo yana kumfar baki a kora, ku tambaye shi wasa nawa Mena ta ci a waje a shekarar da ta je CAN.

Allah ya ba kasuwa albarka, ya kuma ba yaranmu sa'a a fili.