Yaron Aji Uku da Jimla Ɗaya a Kan Allo

A shekarar 1958 aka kai wani yaro ɗan gidan Matawallen Katsina makarantar firamare ta Rafukka. Sunansa Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda daga baya ya koyar, ya mulki jihar Katsina daga 1999 zuwa 2007, sannan ya shugabanci Najeriya. A wancan zamani ɗan babban gida da ɗan maƙeri benci ɗaya suke zama. Yau kuwa mai ɗan hali a birnin Katsina, ko da ƙaramin ma'aikaci ne, makarantar kuɗi yake nufa da ɗansa. Firamaren gwamnati ta koma ta waɗanda ba su da zaɓi.

Abin da ciwo, domin wannan gari ne na hasumiyar Gobarau, kuma nan aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, wadda ta yaye Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa.

To, da me ake gane makaranta tana aiki? Hukuma takan ƙirga ajujuwan da aka gina da yaran da aka yi wa rajista. Uba kuwa ma'auninsa ya fi sauƙi: ya miƙa wa ɗansa na aji uku takardar da ke ɗauke da jimla ɗaya ta Hausa, ya ce karanta. Nan ake jin kunya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021 ya nuna cewa a duk faɗin Najeriya kusan kashi 27 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan shekara 7 zuwa 14 ke iya karatun farko yadda ya kamata, lissafi kuma kashi 25. Arewa maso yamma tana ƙasa da wannan.

Wanda ya taɓa wucewa ta bayan tagar aji da hantsi ya san sautin. Malam ya faɗa, yara su amsa da ƙarfi, kamar a makarantar allo. Sai dai ɗan makarantar allo yana riƙe da allonsa, yana bin baƙi da yatsa, kuma ba ya wankewa sai ya biya wa malam shi kaɗai. A firamare yaron da ke can baya kan tabarma ko kan siminti yana iya shekara yana amshi, bai taɓa haɗa "ba" da "ki" ya samu "baki" ba. Ƙarshen shekara a ciyar da shi gaba, don bayansa wasu na jiran wurin.

Yawan yara shi ne tushen matsalar. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35. A makarantun cikin ganuwa da na sababbin unguwanni ba abin mamaki ba ne a tarar da ninkin haka, ko fiye. Birnin yana ta faɗaɗa, ga kuma iyalan da 'yan bindiga suka koro daga yankunan Batsari da Jibiya da Safana, kowa da 'ya'yansa. Malamin da ke gaban yara ɗari ba ya duba littafin kowa. In ya samu suka yi shiru ma ya gode Allah.

Sannan akwai batun wa ke riƙe da makarantar. Shirin UBE na ilimin farko ga kowa, da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004, ya raba aikin gida uku. Hukumar UBEC a Abuja tana da kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma jiha ba ta samun kasonta na gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa. Hukumar SUBEB ta jiha ke ba da kwangila da tura malamai. Albashin malaman kuma daga kason ƙananan hukumomi ake cirewa, sakataren ilimi na ƙaramar hukuma yana sa ido. Gini yana da allon suna da ranar yanke ƙyalle. Koya wa yaro harafi ba shi da ko ɗaya, shi ya sa fenti ya fi littafi samun masoya.

An dai yi yunƙuri. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ɗauki malamai sama da 7,000 a 2023 bayan an yi musu jarrabawa, ciki har da waɗanda suka daɗe suna koyarwa da ɗan alawus a shirin S-Power na zamanin Aminu Bello Masari. Kafin nan, daga 2015, shirin RANA da UNICEF ta kawo Katsina da Zamfara da tallafin Birtaniya ya gwada wani abu mai sauƙin faɗa: a ba ɗan aji ɗaya zuwa uku littafin Hausa a hannunsa, a ba malam jagoran darasi, a koya sautin harafi kafin kalma. Dabarar tana da hujja, tunda rubutun Hausa yadda ake furtawa ake rubutawa, ba kamar Turanci ba. Yaron da ya iya karatu da harshen da yake mafarki da shi ba ya wahalar ɗaukar wani.

Sai ga shi a Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke manufar koyarwa da harshen uwa, aka mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga ajin farko. A Rafukka da Ƙofar Sauri da Sabuwar Unguwa, yawancin yaran da za su shiga aji ɗaya ba su taɓa jin an yi hira da Turanci a gidansu ba, malaminsu kuma da Hausa zai ce musu su zauna.