Agogon Hannu da Gudun Yadi 40

A Amurka, jami'o'i kan duba saurin ɗalibin sakandare a gudun yadi 40 (mita 36.6) kafin su ba shi tallafin karatu don buga ƙwallon ƙafa irin na can. Sai dai agogon hannu yakan rage lokaci. Kafin saƙo ya tashi daga idon mai awo, ya ratsa ƙwaƙwalwa, ya isa yatsa, kimanin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ya shuɗe, yaro kuwa ya riga ya zabura. Saboda haka, in an ce ɗalibi ya yi daƙiƙa 4.3, a tambayi na'urar da ta auna shi. Xavier Worthy ma, da ya kafa tarihi a gwajin NFL na 2024, 4.21 ya yi.