Me Ya Sa Ganye Yake Kore?

In muka kife ƙwarya a kan ciyawa har kwana bakwai, ran da muka ɗaga za mu tarar ciyawar ta koɗe, ta yi laushi kamar mai jinya. Ba ruwa ta rasa ba, haske ta rasa.

Cikin ganye akwai wani sinadari mai suna kulorofil. Faransawa biyu, Pelletier da Caventou, su suka fara ware shi a 1817. Hasken rana launuka ne a haɗe, kamar yadda bakan gizo yake nuna mana. Kulorofil yakan sha ja da shuɗi, amma kore ba ya shansa sosai, shi ne yake dawowa idonmu. Da ƙarfin hasken nan ganye yake haɗa ruwa da iskar kabon dayoksaid ya yi sukari, ya saki oksijin da muke shaƙa. Sukarin nan shi ne yake zama ƙwayar dawa a zangarniya.

Kulorofil yana da mataimaka, karotin da danginsa, masu launin ɗorawa da na lemo. Sukan kama hasken da ya kuɓuce masa su miƙa masa ƙarfinsa. In kuma rana ta ƙwalle fiye da kima, sai su rage zafin aikin don kada ganye ya lalace. Suna nan kullum, kore ne ya rufe su. Sai ganye ya tsufa da kaka muke ganinsu.

Amma in mun gan su tun tsakiyar damina, to, mu duba gonar. Ba a yin kulorofil sai da naitirojin. Masarar da ganyenta na ƙasa suka fara ɗorawa daga baki, suna bin jijiyar tsakiya, yawanci yunwar taki take ji. Tana kwashe abin da ke cikin tsofaffin ganye ta kai wa sababbi. In muka yi jinkirin ba ta taki, goyon zai fito ƙanana.

Uwargida ma tana da rabo a nan. Karotin ɗin da ke ɓoye cikin zogale da alayyahu da kuka, jikinmu yakan mai da shi bitamin A, wanda rashinsa ke sa wa yara dundumi. Rana tana cin karotin, don haka mu shanya ganyen miya a inuwa, mu kuma sa ɗan mai a tukunya, gama sai da mai jiki yake iya ɗaukarsa da kyau.