Kafin allurar tatu ta taɓa fatarka

Injin tatu ya yi araha. Da kuɗin da bai kai na wayar hannu mai kyau ba, yaro zai yi odarsa ta intanet, a kawo masa har da allurai da kwalaben tawada, ya kalli bidiyo a YouTube, washegari ya buɗe shafi a Instagram yana neman kwastomomi. Ta haka sana'ar ta fito daga manyan shagunan Legas da Abuja, ta kutsa ɗakunan kwanan ɗalibai da bayan shagunan aski da gidajen kwalliyar mata, inda ake sauya mata suna a ce zanen gira na dindindin ko jan leɓe. Duk kanwar ja ce. Allura ce ke huda fata zurfin milimita ɗaya zuwa biyu tana cusa launi, kuma duk inda ta huda sai jini ya taɓa ta, ko ido ya gani ko bai gani ba.

Ni dai ba na ba kowa shawarar ya yi. Ga Musulmi maganar a fili take: hadisi ya zo a Bukhari da Muslim da tsinuwa a kan mai yin zanen da wadda ake yi wa, kuma jumhurun malamai sun tafi a kan haramcinsa. Kiristoci da dama ma suna kafa hujja da Littafin Firistoci 19:28. Amma 'ya'yanmu da ƙannenmu suna yi, a ɓoye, a inda riga ke rufewa. Ɓoyewar nan ita ce ke kai su hannun mafi muni, domin wanda ke tsoron a gan shi ba ya tsayawa bincike, wanda ya fi kusa kuma ya fi sauƙin kuɗi shi yake nema. Shi ya sa shiru bai kamace mu ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ciwon hanta. Babban binciken da aka gudanar a faɗin Najeriya a 2018 ya gano cewa kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Wato kusan mutum ɗaya cikin goma sha biyu, kuma akasarinsu ba su sani ba, suna cin abincinsu suna harkokinsu lafiya lau. Ƙwayar cutar ta fi ta ƙanjamau saurin kamu nesa ba kusa ba, kuma tana iya yin aƙalla kwana 7 a raye cikin busasshen jinin da ya ɗiga a kan tebur ko ƙarfe. Ta kama mutum, sai ta yi shekaru tana cin hantarsa ba tare da alama ba, har ranar da ciki zai kumbura, ido ya yi ɗorawa. Nau'in C yana da magani na makonni 8 zuwa 12 amma ba shi da rigakafi. Nau'in B yana da rigakafi, amma idan ya zauna a jiki sai dai a yi ta danne shi da magani.

Da yawa cikinmu mun riga mun koyi wannan darasi a wurin aski. Muna zuwa da kilifarmu, muna cewa wanzami ya ɓare sabuwar reza a gabanmu ranar suna. To wannan tsantsenin ne ya kamata a ninka a nan, don tatu aiki ne na awa ɗaya ko fiye, fata a buɗe, allura tana shiga tana fita ba adadi.

Sabon shiga yakan natsu da zarar an yage ledar sabuwar allura a gabansa. Allurar kaɗai ba ta isa ba. Ka kalli ɗan ƙaramin kofin roba da ake zuba tawada a ciki, wanda bai fi murfin kwalbar turare girma ba. Mai zanen zai tsoma allura a ciki, ya kai fatarka, ya dawo ya sake tsomawa. Cikin minti kaɗan abin da ke kofin ya zama tawada gauraye da jininka. Ƙa'ida ita ce a jefar da kofin da ragowar da ke ciki. Mai son riba kuwa yakan juye ragowar cikin babbar kwalba, ko ya ajiye wa na gaba, kuma daga ranar duk wanda aka yi wa zane da kwalbar nan ya yi tarayya da kai a jini. Haka mariƙin allurar, da rezar da aka aske gashin wurin, da gwangwanin man da ake lakato da yatsa a shafa a kan rauni, da safar hannun da ya ɗaga waya da ita ya dawo ya ci gaba da aiki. Goge ƙarfe da sifirit ko gasa shi da wutar laita ba ya wadatarwa. Duk ƙarfen da za a sake amfani da shi sai ya shiga tukunyar tururi irin ta asibiti, mai zafin digiri 121. Ka ce a nuna maka ita. Wanda ya ɓata rai don ka tambaya, ka ɗauki takalminka.

Tawadar ma da kanta abin tsoro ce. A ƙarshen 2011, a yankin Rochester na jihar New York a Amurka, mutum 19 suka fito da ƙuraje masu taurin kai a kan zanensu. Da aka bincika, mai zanen bai yi sakaci ba, shagonsa tsaf yake. Wata tawada ce mai ruwan toka ta zo da ƙwayar cuta tun daga inda aka haɗa ta, dangin ƙwayar tarin fuka, wadda maganinta kan ɗauki watanni. Tarayyar Turai kuma tun watan Janairun 2022 ta taƙaita amfani da sinadarai sama da 4,000 a tawadar tatu. Idan ƙasashen da ke sa ido haka sun gamu da wannan, ina ga kwalbar da ba ta da sunan kamfani, ba lambar rukuni, ba ranar lalacewa? Jan launi shi ya fi jawo ƙaiƙayi da kumburi, wani lokacin bayan shekaru, kuma shi ne ake cusa wa 'yan mata a leɓe.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman, mu baƙar fata: tabon nan mai tsiro, wanda rauni ke warkewa amma nama ya ci gaba da tudu har ya zarce iyakar raunin. Duk mun taɓa ganin mace da ƙullutu mai sheƙi a bayan kunne, daga hujin ɗan kunne kawai, yana mata ƙaiƙayi, ta yanke ya dawo ya fi da. Ƙirji da kafaɗa da saman baya su ne wuraren da ya fi so, kuma nan ne daidai inda samari ke zaɓa don riga ta rufe. Wanda tsohon rauninsa ya taɓa yin tudu, ko ake yin irin wannan tabo a gidansu, kada ya kusanci allurar nan ko da gwanin duniya ne ke riƙe da ita.

Zaɓen zane kuwa, hoton da ke waya yaudara ce. Galibi an ɗauke shi ne minti kaɗan bayan an gama, a kan farar fata, an ƙara masa haske. Ka nemi ganin aikin da ya shekara a jikin mai irin launinka. Siraran layuka sukan baje su haɗe, ƙananan rubutu su zama dabbare, rawaya da fari su ɓace a fatarmu. Sunan saurayi ko budurwa ba sai na ja magana ba. Rubutun Larabci da aka kwafo daga kwamfuta sau da yawa yakan fito da haruffa a rarrabe ko a juye, mai zanen bai iya karantawa ba balle ya gyara, kuma wanda ya sa aya ko sunan Allah a fatarsa ya tuna da ita zai riƙa shiga ban ɗaki. Mafi haɗari shi ne alamar da ba ka san ma'anarta ba. Gatari alama ce ta ƙungiyar asiri ta Black Axe, tsuntsu kuma ta Eiye. Ɗan Arewa da ya ga hoton ya burge shi, ya tafi bautar ƙasa ko kasuwanci Benin ko Fatakwal, zai iya tsintar kansa cikin gabar da bai san mafarinta ba. A zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020, ɗaya daga cikin koke-koken matasa shi ne ana tare su ana tuhumarsu saboda tatu kawai. Sharuɗɗan ɗaukar sojan Najeriya ma sun hana mai zane a jiki, kuma ana tuɓe riga a wurin tantancewa.

Kada a ruɗe ka da cewa ai ana gogewa. Ana yi da hasken leza, zama bayan zama, da makonni a tsakani, kuɗinsa ya ninka na zanen sau da yawa, kuma a baƙar fata yakan bar farin tabo ko duhu. Masu ƙona wurin da sinadari ko dutsen guga suna musanya zane ne da rauni.

Wasu kan ce a fara gwadawa da lalle. Idan jan lalle ne na gargajiya, babu laifi. Dayis kuwa, wannan baƙin da ke kamawa cikin minti kaɗan, yawanci sinadarin rina gashi ne da ake kira PPD, wanda ke sa fata ta yi bororo daidai siffar zanen, ya bar mutum da rashin jituwa da rinin gashi har ƙarshen rayuwa. Likitoci a Khartoum sun rubuta labarin yara 31 da gubarsa ta kai asibiti tsakanin 1984 da 1989, 13 daga cikinsu suka rasu. Yara ƙanana kuma doka ma ta shiga tsakani: sashe na 24 na Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ya haramta yi wa wanda bai kai shekara 18 ba tatu ko tsaga.

Wanda ya riga ya yi, musamman a ɗaki ko lungu, kada kunya ta zaunar da shi. Idan wurin ya ƙara ja da zafi bayan kwana biyu-uku, ko ya fara fitar da mugunya, ko zazzaɓi ya zo, ko kaluluwa ta fito a hammata, asibiti za a nufa a ranar. Idan ana zargin an yi tarayya a allura ko tawada, akwai maganin kariya daga ƙanjamau da ake farawa cikin awa 72, kuma rigakafin ciwon hanta B ya fi amfani idan an yi shi da wuri. Ko babu wata alama, a yi gwajin B da C da ƙanjamau, a sake bayan wata 6, domin nau'in B kan kai kwana 180 kafin ya bayyana. Wanda gwajinsa ya fito lafiya ya karɓi rigakafin nan allura uku: yau, bayan wata ɗaya, sai a wata na shida.

Iyaye, idan kun ga zane a jikin ɗanku ko 'yarku, faɗa zai iya jira. Ku fara tambayarsa inda aka yi, da yaushe, da su wa aka yi wa a ranar. Ku kai shi gwaji, sannan ku sa ya kira abokan nan ɗaya bayan ɗaya ya gaya musu su ma su je.