Amosanin jini: abin da kwamfuta ta gano cikin jinin mutane

Kowane manomi ya san cewa abin da aka shuka shi ke tsirowa. Irin gero ba ya ba da dawa. Haka jikin ɗan Adam yake. Yaro yana gadon kama, da tsawo, da irin jini daga uwa da uba. Akwai kuma cututtukan da ake gado. Wadda muka fi sani ita ce amosanin jini, wadda wasu ke kira sikila ko emasi.

A ƙasashen Turai, idan cuta ba ta kama mutum ɗaya cikin 2,000 ba, ana lissafa ta cikin cututtukan da ba safai ake gani ba. Can, amosanin jini yana cikinsu. A Nijar kuwa, kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar yana ɗauke da irin cutar a jininsa, ko da shi kansa lafiya lau yake. Shi ya sa aka buɗe cibiya ta musamman a Yamai, wadda ake kira CNRD, domin awon jini da kula da masu cutar.

Rubutun gado

A cikin ƙwayoyin jikinmu akwai wani rubutu wanda ido ba ya gani. Masana suna kiran sa DNA. Mu kira shi rubutun gado. Da haruffa huɗu kaɗai aka yi shi, amma an jera su har kusan miliyan dubu 3. Da mutum zai karanta harafi ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ya shekara fiye da 90 bai gama ba. Saboda haka aikin ya fi ƙarfin ido da alƙalami, sai kwamfuta. An fara babban aikin karanta rubutun a 1990, aka kammala a 2003.

Cikin duk haruffan nan, guda ɗaya ne ya canza ga mai amosanin jini. Wannan canji shi ke sa jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje. Sai su toshe ƙananan hanyoyin jini. Daga nan ciwon ƙashi, da kumburin hannu da ƙafa ga jarirai, da ƙarancin jini suke fitowa.

Tambayar da ta dami likitoci

Yara biyu suna da cuta ɗaya. Ɗaya yana kwanciya asibiti sau da yawa a shekara, ɗaya kuma sai jefi-jefi. Me ya sa?

Likitoci sun daɗe da lura da wani abu. Ɗan tayi yana da irin jini nasa na dabam, wanda ba ya lanƙwashewa. Bayan haihuwa, wannan jini yana raguwa cikin wata shida na farko. Shi ya sa sabon jariri ba ya nuna alamun cutar nan da nan. Wasu mutane kuwa suna girma da sauran jinin nan da ɗan yawa, kuma ciwonsu yakan zo da sauƙi. Abin da ya rage shi ne a gano wurin da ke rage jinin a cikin rubutun gado.

Yadda kwamfuta ta yi aikin

Mu ɗauki misali. A ce muna da gonaki dubu. Wasu sun yi albarka, wasu ba su yi ba. Idan muka rubuta irin da aka shuka a kowace gona da yawan damman da ta ba da, za mu iya kwatantawa mu gane irin da ya fi. Gona ɗaya ba ta isa shaida ba, sai gonaki da yawa.

Haka masana suka yi. Sun auna jinin dubban mutane, suka rubuta yawan jinin ɗan tayi da ya rage wa kowa. Sannan kwamfuta ta duba dubun dubatar wurare a rubutun gadon kowane mutum. A kowane wuri tana ƙidaya: harafin da ke nan ya fi yawa ga masu jinin da yawa, ko kuwa babu bambanci? A 2007 da 2008, masana a Ingila da Italiya da Amurka suka gano wurin. Sunansa BCL11A. Shi ne kamar makullin da ke rufe jinin ɗan tayi.

Daga wannan sani aka haɗa wani magani mai suna Casgevy. Ana ɗibar ƙwayoyin da ke yin jini daga jikin majinyaci, a gyara makullin, a mayar masa da su. Ingila da Amurka sun amince da shi a ƙarshen 2023. Amma kuɗin da aka sa masa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, wato sama da sefa miliyan dubu. Wannan ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba.

Akwai dai wani magani na sha mai suna hydroxyurea, wanda shi ma yake ƙara jinin ɗan tayi, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar wancan ba. An gwada shi ga yara a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano domin kare su daga shanyewar ɓarin jiki. Likita ne kaɗai ke ba da shi, tare da awon jini a kai a kai.

Abin da ya rage gare mu

Kwamfuta ba ta san abin da ba a rubuta ba. Mafi yawan mutanen da aka karanta rubutun gadonsu Turawa ne, alhali kuwa mafi yawan masu amosanin jini a Afirka ake haihuwarsu. Domin gyara wannan aka kafa shirin SickleInAfrica a 2017, inda likitocin Najeriya da Ghana da Tanzaniya suka fara tara bayanan majinyatansu wuri ɗaya. Kowane irin bincike daga abin da likita ya rubuta yake farawa. Saboda haka ga shawarwarinmu:

1. Mu je a auna jininmu kafin aure. Awon zai nuna ko mutum AA ne, ko AS, ko SS, ko mai ɗauke da C. Idan miji AS ne, mata ma AS, to a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS.

2. Mu adana karne, wato ɗan littafin asibiti na yaro. Mu tafi da shi duk ranar da za mu ga likita.

3. Yaro mai cutar ya riƙa shan ruwa da yawa, ya kwana cikin gidan sauro, a rufe shi lokacin ɗari, a yi masa dukan allurorin rigakafi.

4. Idan jikinsa ya yi zafi, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira gobe.

5. Kada mu ɗora wa uwa laifi. Daga uwa da uba duka ake gadon cutar. Ba sammu ba ne, kuma ba a ɗaukar ta ta wurin cin abinci tare.

Ranar 19 ga Yuni ta kowace shekara ita ce ranar amosanin jini ta duniya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan shafi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.